Shekara Goma Sha Ɗaya a Tagar Kati

Asabar, 4 ga Maris

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Goggo da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Goggo ta ce har yanzu kana hawa keken ɗinki a ɓoye idan ta fita, alhali likita ya hana. Baba, don Allah ka bar keken nan ya huta. Mu nan lafiya lau. Maigidana da yara suna gaishe ka.

Na zaɓi rubutu a kan waya ne saboda duk lokacin da na fara yi maka bayanin abin da nake yi, sai ka ce, "To, to, Allah ya taimaka," ni kuwa na san ba ka gane ba. Yau sai ka gane.

Ka san shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a tagar kati a asibitin nan mai zaman kansa. Taga ce ƙarama mai ƙarafuna, ba na ganin mutum sai daga ƙirji zuwa goshi. Aikina in karɓi suna, in nemo fayil, in ce, "Na gaba." Kullum ana zagina a tagar nan, kuma na daɗe ina zaton mutane ne ba su da tarbiyya. Sai bara, ranar hutuna, na sa kayan gida na zo na bi wata dattijuwa mai ciwon gwiwa tun daga bakin ƙofa har ta fita. Na ce mata rakiya zan yi mata. Baba, layi shida ta bi. Sau biyu ta hau bene don wurin biyan kuɗi a sama yake. Sau uku ta ɓata hanya. Awa biyar ta yi a asibitin, likita kuwa minti bakwai ya gan ta. Da muka fito ta zauna a bakin kwalbati ta ce, "'Yar nan, na zo da ciwo ɗaya, zan koma da uku."

Tun daga ranar na kasa sukuni. Na bi mutum ashirin da uku a cikin wata biyu. Na zana hanyar kowa a bayan tsofaffin kalandu. Na tambayi mai shara, don ita kowa ke tsarewa idan ya ɓata. Na tambayi maigadi. Sannan na kwashi kalanduna na kai wa Manaja. Ya daɗe yana juya su, sannan ya ce, "Ki gwada, amma kada ki fasa mini bango."

Ban fasa bango ba. Fenti na ja a ƙasa: kore ya kai ka wurin likita, ja ya kai ka gwajin jini, shuɗi ya kai ka ɗakin magani. Wanda bai iya karatu ba ma ya iya bin launi. Muka sauko da wurin biya kusa da tagata. Muka fito da teburin awon hawan jini cikin ɗakin jira, ana auna mutum yana zaune. Na yanka kwali na rubuta lambobi, kowa ya karɓi tasa ya zauna, aka daina turereniya. Bencunan ma na juya su suna fuskantar ƙofar likita, don na lura mutane ba don rashin wurin zama suke tsayawa ba, tsoro suke a kira su ba su gani ba. Babbar nas ta riƙa yi mini ba'a tana kirana Injiniya. Yanzu kowa haka yake kirana, har ita, amma ba'ar ta fita daga ciki. Awa biyar ta koma ƙasa da biyu.

Makon jiya wata baƙuwa ta zo daga ƙungiyar da ke duba ingancin asibitoci. Ta zaga, ta tsaya, ta ce, "Wa ya tsara muku hidimar nan?" Aka nuna ni. Ita ce ta gaya mini wannan abu sana'a ce mai zaman kanta, sunanta tsara hidima. Wato ka bi sawun wanda ake yi wa aiki, ka ga inda yake wahala, ka gyara hanyar. Ta ce har karatunsa ake yi. Na ji kamar mutumin da ya daɗe yana waƙa a banɗaki aka ce masa ashe mawaƙi ne.

Ga babban labarin: Manaja ya ce za a buɗe ofishi na wannan aiki, ya kula da rassanmu uku. Ya ce, "Ai mun san mai ofishin." Kada ka gaya wa abokanka tukuna, ko da yake na san kafin ka ninke takardar nan sun ji.

Ka gaida Goggo, ka gaida Yaya idan ya kira. Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
wadda kake kira Uwata

Lahadi, 21 ga Mayu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa. Ina fata kana lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi. Saƙonka ya iso, da rigar da ka ɗinka mini ta shiga sabon ofis. Na san a ɓoye ka ɗinka ta. Ta yi mini daidai, kamar kullum. Tana cikin akwati.

Ban samu ofishin ba. Gara ka ji daga bakina.

An fitar da sanarwar neman ma'aikaci, aka ce sai mai digiri. Na je wurin Manaja, ya ce ba shi ya rubuta ba, hukumar gudanarwa ce, amma in cika fom ɗin a kwamfuta a gani. Na zauna na cika. Shafi na biyu ya tambayi jami'ar da na yi. Babu inda za ka ce ba ka yi ba. Idan ka bar wurin babu komai, ba ya barinka ka wuce shafi na uku, inda ake tambayar abin da ka iya. Na yi dariya ni kaɗai, don da ni aka ba fom ɗin nan da shi zan fara gyarawa.

Na rubuta takarda da hannu na kai wa shugaban sashen ma'aikata. Ya karanta a gabana, ya ce, "Malama, kowa ya san ƙoƙarinki. Amma idan baƙi suka tambayi takardun shugabar ofis, me zan nuna musu?" Na ce ya nuna musu ɗakin jira. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar tantancewa. Ni aka sa na jera kujeru, na kawo ruwa. Ana gab da farawa Manaja ya ce in ara musu kalanduna. Na ɗauka zai nuna wa hukuma ne. Ashe da su za a yi jarrabawa. Aka shimfiɗa zanena na hanyar dattijuwar nan a kan tebur, duk wanda ya shigo a ce masa, "Ga matsala, yaya za ka warware ta?" Ina tsaye a bakin ƙofa da tire. Mutum shida suka shiga. Huɗu ba su ma lura wurin biya a bene yake ba.

Wadda aka ɗauka yarinya ce, shekararta ashirin da shida, digirinta biyu. Ina so in ce maka ba ta da kirki, da na fi samun sauƙi, amma tana da kirki. Anti take kirana. Takan rusuna ta gaishe ni. Ma'aikata sun sa mata Mai Digiri, ba ta fushi. Manaja ya ce in riƙa zagawa da ita har ta saba. Don haka da safe ina koya wa shugabar ofis aikin ofis, da hantsi in koma taga in ce, "Na gaba." A rahotonta na farko ta rubuta cewa tsarin fentin nan ya samo asali ne daga shawarwarin ma'aikata. Ni ce ma'aikatan.

Da na gaya maka a waya cewa an ce sai mai digiri, ka ce in yi haƙuri, kuma ka ce laifinka ne. Baba, ban taɓa tanka maka a kan wannan ba, yau ka yafe mini zan tanka. Shekarar da Inna ta kwanta, mu biyu muka samu gurbin karatu, ni da Yaya. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce in haƙura. Kawai dai Yaya ya haɗa akwati, ni kuma aka miƙa mini kwanon wanke ta. Shekara huɗu na yi ina juya Inna, ina kai ta asibiti, ina bin layi. Ba na nadamar ko rana ɗaya, wallahi. A can na koyi abin da mai jira yake ji. Amma da ta rasu ba ka ce, "Uwata, koma makaranta" ba. Na jira ka ce. Na yi ta jira har na daina. Ba don in ɓata maka rai na faɗa ba. Na gaji ne da riƙe shi ni kaɗai, kuma ba na so ka riƙa cewa laifinka ne da sauri haka, kamar mai son a rufe maganar.

Ka gaya wa abokanka gaskiya, ko ka ce musu an ɗage. Duk wanda ya fi maka sauƙi.

Ina gaida Goggo. Yara suna tambayar yaushe za ka zo. Ka huta lafiya.

'Yarka,
Uwata

Alhamis, 14 ga Satumba

Mahaifina abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da mutanen gida. Na samu amsarka. Layi biyar ne, na karanta su ya fi sau ashirin. Na gode da ba ka kare kanka ba. Ni ma ka yafe mini zafin bakina. Maganar ta wuce a wurina, ko in ce ta fara wucewa.

Na bar asibitin. Ga yadda aka yi.

Mai Digiri ta kawo sabon tsari. Aka kwashe lambobina na kwali, aka ce kowa ya kama layi ta wayarsa tun daga gida, lambarsa ta fito a allon talabijin a ɗakin jira. Ga mai wayar zamani abin ya yi kyau ƙwarai, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ce mata, ƙanwata, kusan rabin tsofaffin da ke zuwa tagata ba su da irin wayar nan, wasu ko allon ba sa gani. A bar musu kwali ko na wata shida ne. Ta ce ta ji, amma hukuma na son a ga canji kafin baƙi su dawo. Na rubuta mata a takarda, na ba Manaja kwafi. Aka ce wanda ba shi da waya, maigadi zai sa shi a layi da tasa.

Ranar Talatar makon farko maigadi bai zo ba, aka kawo wani wanda ba a gaya masa komai ba. Akwai wani dattijo mai ciwon suga, tsohon direba ne, duk wata yake zuwa. Ya zo bai karya ba don za a gwada jininsa. Ya karɓi fayil a wurina, ya tafi ya zauna. Mutum ne mai kunya, ba ya tambaya. Yana ta kallon allo, lambobi suna wucewa, shi ba shi da lamba. Daga tagata ba a ganin bencin da yake. Tun ƙarfe bakwai har ɗaya da rabi. Mai shara ce ta gan shi ya zame ƙasa. An ceto ransa, alhamdu lillahi, amma ya bugu a ƙugu, har yau bai taka ba.

Washegari aka kira taro. Manaja ya ce a binciko inda kuskure ya faru, kuma kafin a zauna an riga an binciko. Aka ce tagar kati ce ta ba shi fayil ba ta tabbatar yana da lamba ba. Na ce ba a taɓa ba ni wannan umarni ba, kuma ga takardar da na rubuta tun farko. Manaja ya ce bai tuna ya ga takardar ba. Na juya na kalli Mai Digiri. Tana da kwafinta, na san a wane aljihun tebur yake. Ta sunkuyar da kai tana wasa da biro. Shugaban sashen ma'aikata ya ce, "Irin abin da ke faruwa ke nan idan ƙaramin ma'aikaci ya ɗauki kansa ƙwararre." Aka miƙo mini takardar gargaɗi in sa hannu.

Ban sa ba. Na je na kwaso kalanduna daga ofishin Mai Digiri, na ajiye makullin taga a teburin Manaja. Babbar nas ta biyo ni har bakin titi tana kuka tana cewa, "Injiniya, ki tsaya." Ban juyo ba, don da na juyo da na tsaya.

Baba, akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Da safen ranar na ga fuskar dattijon, na san ba shi da irin wayar. Na yi niyyar in tashi in raka shi wurin maigadi, sai zuciya ta ce mini, ai ba aikinki ba ne yanzu, masu digiri su yi. Na ce, "Na gaba." Ƙarya suka yi mini a taron nan, amma wannan gaskiya ce, kuma ita ke hana ni cin abinci. Na je na duba shi a gida. Ya yi ta ba ni haƙuri wai ya jawo mini matsala.

Maigidana ya ce in zauna in huta. Ba zan iya ba. Ka sa ni a addu'a.

Ka gaida Goggo da kyau.

'Yarka,
Uwata

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Baba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa. Na ji daɗi da Goggo ta ce ƙafar ta saki har kana zuwa kasuwa. Mu ma lafiya. Ka yafe mini jinkirin rubutu, aiki ne ya riƙe ni, kuma wannan karon ba taga ba ce.

Na buga hotunan ɗakin jira na da da na yanzu, na sa a jaka, na riƙa shiga wurare ina tallar kaina. Wurare tara suka kore ni, wasu da ladabi. Na goma wani mai kantin magani ne da layinsa ke fitowa har titi. Ya ce in gwada. Kwana huɗu na tsaya a kusurwa ina kallo, na gano masu zuwa tambayar ko akwai magani sun fi masu saye yawa. Muka ware musu gefe guda, layi ya watse. Shi ya kai ni wurin wata shugabar makaranta da ƙofarta ke rikicewa lokacin tashi. Ita kuma ta haɗa ni da wata tashar mota. Ƙananan wurare ba sa tambayar takarda, su dai su ga layi ya ragu. Manya kuwa, da na nemi aiki a biyu daga cikinsu, tun a ƙofa aka tambaye ni ita.

Mai Digiri ta zo gidana a watan jiya. Ita ma ta bar asibitin, tana koyarwa a wata kwaleji. Ta durƙusa a tsakar ɗaki ta ce, "Anti, na ji tsoro ne. Aikina na farko ne." Na ce mata ni kuma nawa ne na shekara goma sha ɗaya. Na ba ta ruwa, na ce ta tashi. Ban ce na yafe ba, ban ce ban yafe ba. Ta ce an mayar da lambobin kwali tun mako biyu bayan tafiyata, ba wanda ya ce komai.

Ba don neman gafara kaɗai ta zo ba. Ɗalibanta sun haddace littafi, amma idan ta tura su ɗakin jira ba su san abin da za su kalla ba. Ta roƙi shugaban sashensu a kwalejin ya yarda in riƙa zuwa duk Litinin ina koya musu yadda ake bin sawun mutum. Ya yarda. Ya ce ba za a rubuta ni a cikin malamai ba, baƙuwa za a ce, kuma Mai Digiri ce za ta sa hannu a sakamako.

Na je na gan shi. Mutumin kirki ne, ya duba kalanduna ɗaya bayan ɗaya, ya ce bai taɓa ganin irinsu ba. Da na ga fuskarsa a sake sai na yi ƙarfin hali. Na ce, ranka ya daɗe, ni ma ina so in shiga kwas ɗin nan a matsayin ɗaliba, in samu takardar. Ya kira ofishin ɗaukar ɗalibai a gabana. Suka duba sakamakona na sakandare, suka ce an canza ƙa'ida tun bayan zamaninmu, akwai darasi ɗaya da ban rubuta ba, ban cancanta ba. Sai in sake jarrabawar tare da 'yan shekara goma sha bakwai. Babbar jikarka bana za ta rubuta, ta ce za ta ara mini littattafanta. Ban yanke shawara ba. Wata rana in ji zan yi, wata rana in ji raina ya yi baƙi ƙirin.

Koyarwar dai na karɓa. Ba don su ba. Yaran nan talatin da biyu ne, kowannensu wata rana za a ba shi ofis da mutane a ƙarƙashinsa, gara wani ya taɓa sa shi ya zauna a benci awa biyar bai karya ba. Da wannan zan fara. Ranar Litinin zan shiga ajin. Zan tsaya a gaba, tunda ba a yarda in zauna a baya ba.

Ka gaida Goggo, ka gaida Yaya. Maigidana da yara suna miƙa gaisuwa. Allah ya bar mana kai.

'Yarka mai ƙaunarka,
Uwata